Ranar da na kushe kan Kawu a gabansa

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Kafanchan ba, lokacin ina sabon malamin firamare, na sayi bidiyo na hannu ina ji da kaina.

Ni mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf. A shagon Emeka, wani Inyamuri mai hayar kaset kusa da tashar jirgi, sai da na matsa ya nuna mini yadda yake kwafar fim. Bidiyo biyu ya haɗa da waya, ɗaya na juyawa, ɗaya na ɗauka. Ya ce, "Malam, na asali shi ne uwa. Wannan ɗa ne, wancan jika. Jika ya fi araha." Na ce to ina bambancin? Ya ce, "Fuska ne kawai yana ɗan narke." Na sayi jikan wani fim na Hausa da 'yan wata coci suka shirya, ina murna na yi wayo.

A ranar ne Rifkatu, wadda nake nema, ta kawo kawunta Baba Bitrus daga Kagoro ya ga inda nake zaune. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, in ya ce a'a, magana ta ƙare. Dattijo ne marar yawan magana, ni kuwa shiru na tsorata ni, sai na ce bari in burge shi da fim.

Hoton na rawa, murya kamar daga cikin rijiya, fuskoki duk sun narke kamar yadda Emeka ya faɗa. Da mai wasan Fasto ya fito, sai bakina ya buɗe. Na ce, "Baba, ku dubi kan mutumin nan, kamar kabewa! Ina suka samo shi?" Rifkatu ta taka mini ƙafa (ni a zatona soyayya ce). Na ƙara da cewa ai gara da ban ɓata kuɗi a kan na asali ba, har na shiga bayanin uwa da ɗa da jika, da hannu da komai, kamar ina gaban aji.

Faston cikin fim ya ɗaga hannu zai yi wa'azi. Kafin ya buɗe baki, sai na ji maganar ta fito daga kujerar da ke gefena: "'Yan'uwa, wanda ya girbe gonar da bai shuka ba, me sunansa?" Sannan talabijin ta maimaita, kalma bayan kalma.

Na dubi talabijin, na dubi Baba Bitrus. Na dubi kan. Wayyo Allah! Da ƙasa ta tsage da na shige da bidiyon duka.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Ɗana, cittar da na noma ta shekara guda na sayar muka yi fim ɗin nan. Uwayen suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gadona, ba mai saye. Ashe jikokina ne suka cika gari." Kunya ta kama ni, tausayinsa kuma ya fi kunyar.

Na durƙusa na ce, "Baba, ku gafarce ni." Ya ce in zo Kagoro ran Asabar, kuma in zo da keke.

Haka na yi ta yawo da kwalin nan a bayan keke, coci zuwa coci, ina tallan kaset ɗin surukina, ɗalibaina suna bina da dariya. Sai da kwalin ya kusa ƙarewa ya yarda a sa ranar aure.

Tun daga nan na daina sayen jika, kuma kafin in kushe ɗan wasa sai na duba waye ke zaune a falo. Na kalli fim ɗin a kaset na asali daga baya, fuskar Baba ta fito tas. Kan dai yana nan da girmansa, amma wannan karon na kama bakina.