Inci Biyun da Dutsen Guga Ya Cinye

"...lafiya lau, Amarya. Sai dai na ga kin ƙara tsufa daga jiya zuwa yau."

"Ungo naka," in ji Kaka, ta watsa masa daƙuwa ba tare da ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ba. "Shigo, ɓarawo. Dama kai nake jira."

Shagon Kaka ɗan tsukuku ne: keken ƙafa ɗaya, teburin yanka, da wata kujera 'yar tsugunne da take tara ƙyallaye a kai. Wanda ya shigo jikanta ne, ɗan ƙwallo, mai tsaron baya, wanda 'yan kallo suka laƙaba wa Katanga. Wata goma sha ɗaya ke nan rabonsa da fili, tun ranar da jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke aka yi masa aiki. Cinyar da take inci ashirin da huɗu ta zube ta koma ashirin, har sai da Kaka ta rage masa wanduna. Likitan kulob ya ce ya mai da cinyar yadda take, sannan ya zo gwaji kafin ƙarshen watan gobe. Gwajin sau ɗaya ne, in ya faɗi an sallame shi.

Ya dire leda a kan tebur. "Wanduna uku. Ki buɗe su yadda suke da. Mijinki ya dawo."

"Wane miji? Ai tun ranar da na ga ƙafarka kamar sillen kara na ce a raba auren. Ina tef ɗina?"

"Aro na yi."

"Aro ba sallama? Kwana shida ina auna mutane da taƙi kamar mai sayar da igiya."

Ya zaro tef ɗin daga aljihu ya jefa mata, yana wani ɗaga kafaɗa. "Ga tsummanki. Ki wanke shi ki ajiye, ya taɓa cinya mai tarihi. Ashirin da huɗu cif, jiya da safe. Sau uku na auna."

"Ƙaryar banza."

"Har na kira koci. Na ce ba sai na kai watan gobe ba. Gobe ƙarfe tara zan yi gwaji."

Keken ya tsaya. Kaka mace ce da ko ihun gobara ake yi sai ta kai ƙarshen layin ɗinki, amma wannan karon a tsakiyar hannun riga ta tsaya.

"Da wane tef ka auna?"

"Da naki mana. Ina da wata tsohuwar ne da zan sata a wurinta?"

Ta shimfiɗa tef ɗin a kan tebur, ta danne bakinsa da ɗan yatsa. "Zo ka karanta mini. Ai an ce ka yi makaranta. Daga nawa ya fara?"

Ya sunkuya. Murmushin ya tsaya masa a fuska, sannan ya gudu.

"Biyu."

"Biyu. Tun uwarka tana goyonka dutsen guga ya cinye masa kai. Na datse wurin da ya ƙone na mai da ƙarfen bakin. Ni da shi mun san juna, duk abin da ya faɗa sai in cire biyu a raina. Kai kuma ka zo ka sace shi ka yarda da maganarsa."

"Ba zai yiwu ba."

"Naɗe wandon."

Ta zagaya tef ɗin a cinyarsa, ta ja shi daidai, ba sassauci. "Ya ce ashirin da huɗu. Ashirin da biyu ke nan."

"Kin matse da yawa!"

"Shekara arba'in ina auna mutane, sai yau zan koyi matsewa a wurin gurgu?"

"Wane irin tela ne ke aiki da guntun tef? Marowaciya! Nawa sabo yake?"

"Wane irin ɗan ƙwallo ne ba ya duba inda lamba ta fara? Haba, shi ya sa ake zura muku ƙwallo."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon cinyar tamkar ita ce ta yi masa ƙarya. Abin tausayi ne, gaskiya, domin yaron bai yi wasa ba. Wata huɗu yana ɗaga ƙarfe, yana hawa matakala yana sauka, yana cin ƙwai har ya tsani warinsa. Inci biyu ya samu da gumi, tef kuma ya yi masa kyautar biyu.

"Zan je," ya ce. "Lamba ce kawai. Ƙarfi na nan."

"To bismilla." Ta kwashe ƙyallayen daga kan 'yar tsugunne. "Zauna. Ɗaga ƙafar hagu. Tashi da ta dama kaɗai, kada ka dafa komai. Sau uku. In ka yi, ni zan raka ka gobe, in sa sabon gyale, in yi ta guɗa har a kore ni."

"Ni kike gwadawa da kujerar wanke-wanke? Ni da na hana maza goma wucewa?"

"Bara. Zauna."

Ya zauna. Na farko ya tashi, amma jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe. Na biyu, yana rabin hanya gwiwar ta fara rawa, ta karkata ciki. Ya kai hannu ya cafke gefen tebur, almakashi ya faɗo ƙasa.

"Tebur ɗina ya gode da gaisuwa," in ji Kaka.

Ya koma kan kujerar yana haki. "Ba ki gane ba, Kaka." Rabon da ya kira ta Kaka har an manta. "Sun ba wani wurina. Wasa tara ya buga, ana ta yabonsa. Jiya da na kira koci na ji murna a muryarsa, har ya gaya wa manya. In na sake kira na ce tef ɗin kakata ne ya yaudare ni, me zai ɗauke ni?"

"Sakarai. Kuma gaskiyarsa."

"Kin gani?"

"Sakarai mai ƙafa biyu. In ka je gobe suka sa ka tsalle a kan wannan, sakarai mai ƙafa ɗaya za a dawo mini da shi." Ta sunkuya ta ɗauki almakashin. "Awa biyar na yi a bencin asibiti ranar da aka yanka ka. Ba zan sake zama a bencin nan ba saboda kana jin kunyar waya."

Ya zaro wayarsa, ya daɗe yana juya ta a hannu. Sannan ya fita bakin ƙofa. Kaka ta kama wando ɗaya ta juya cikinsa, tana yi kamar ba ta kasa kunne.

"E, yallaɓai... A'a, kuskuren awo ne... Nawa ne laifin... Na gane. Ko kwana ɗaya ba za a ƙara ba. Na gode."

Ya dawo jiki a sanyaye. "Ya yi faɗa. Ya ce ranar ƙarshe tana nan yadda take. Sati shida. Inci biyu a sati shida, tsohuwa. In ban kai ba fa?"

"Zo nan."

Ta sa reza ta farke ɗinkin cinyar wandon. A ciki yadi ne naɗe, lafiyayye, an kwantar da shi da guga.

"Ranar da uwarka ta kawo su tana kuka, cewa ta yi in yanke abin da ya yi yawa, wai ganinsu yana karya maka zuciya. Ban yanke ko zare ba. Inci huɗu na naɗe a kowanne." Ta auna da guntun tef ɗinta, ta ja alli. "Biyu zan buɗe yau, su ne ka kawo. Sauran biyun suna nan suna jiranka."

Ya shafa naɗin da yatsa. Sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ke zuwa da ruwa a ido.

"Na sallama, Amarya. A mai da auren."

"Kawo sauran inci biyun tukuna," in ji Kaka, ta ɗora ƙafa a kan keke. "Ni ba na auren rabin cinya."