Yadda Za Ki Warkar da Kazarki Ba Tare da Kin Ba Kaltum Haƙuri Ba

Ni ban ce tana wari ba. Duk wadda ta ce na ce, Allah ya isa. Abin da na faɗa a gidan sunan nan na Umarari shi ne, ko kwalbar turaren humra guda Ya Kaltum ta juye a lafayarta, kuliyoyin unguwa ba za su daina yi mata rakiya ba. Bandar kifi take sayarwa, ina ƙarya a nan? To wata biyu ke nan ba ta taka gidana ba, bayan shekara talatin muna raba goro ɗaya. Ana cikin haka kazata, 'Yar Baga, ta kwanta.

In ke ma haka ta same ki, matso kusa. Bi matakan nan, ni Bintu na yi miki alkawari biyu: kaza za ta miƙe, bakinki kuma ba zai furta "yi haƙuri" ba.

Mataki na 1: Tabbatar ba lalaci ba ne

Watsa mata gero. In ta yi taku biyu ta durƙushe kamar mai gaida surukai, leƙa akurki. In kin tarar da ƙwai ba ɓawo, lagwai-lagwai kamar ruwan leda, ciwo ne na gaske. Kada ki yi kuka a tsakar gida. Katangar maƙwabta gajera ce.

Mataki na 2: Nemi mai ilimi, amma ki ji abin da ya yi miki daɗi

Rungume ta ki hau keke zuwa Gomari, wurin Madam Rose da ta yi ritaya daga aikin dabbobi. Za ta latsa ƙirji, ta miƙar da ƙafa, ta ce, "Mama, ba annoba ba ce. Rashin kalsiyam ne."

Ki ce, "Rashin Kaltum?"

"Kalsiyam, Mama. Abin da ke ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwai. Me take ci a da wanda ba ta samu yanzu?"

Nan ki kama gyaran ɗankwali. Kada ki gaya mata cewa kullum la'asar Kaltum ke zazzage gindin kwalinta a tsakar gidanki, ɓurɓushi da ƙayar kifi, kaza na tsattsaga ku kuna feɗe mutanen unguwa. Ce mata kunnenki ya tsufa. Tsufa ba a banza Allah ya ba mu shi ba.

Mataki na 3: Gwada na likita don fita hakki

Za ta ce ki daka ɓawon ƙwai ki ba ta. Tambaye ta ina za ki samo ɓawo, alhali mai yin sa ce ta daina. Za ta ce to ƙona ƙashi ki daka, ki haɗa da zogale. Yi hakan. Kaza za ta kalle shi da ido ɗaya ta juya miki baya. Wadda ta tashi a kan tarwaɗar tafki ba ta san toka ba.

Kada kuma ki kuskura ki sayi banda a hannun wata. Kafin ki karɓi ledar, labari ya isa rumfar Kaltum, daga nan sai a lahira ku shirya.

Mataki na 4: Saki maganar a bakin da ya dace

Je kitso wurin Munira ko da kanki bai tsufa ba. Sauke ajiyar zuciya sau uku. In ta tambaya, ki ce, "Likita ta auna ta, da bakinta ta ambaci Kaltum. Don Allah kada ki gaya wa kowa."

Kada ki ƙara komai. Unguwa za ta ƙara miki kyauta. Kafin azahar an ce Kaltum ta yi wa kaza baki. Kafin la'asar an ga lokacin da take binne laya a gindin akurki.

Mataki na 5: Shirya fili

Share tsakar gida. Shimfiɗa tabarma a inuwar da Kaltum take so. Ɗora shayi da kanumfari, kofi biyu, amma ɓoye ɗaya. Turaren wuta kaɗan za ki sa, in ya yi yawa za ta ce habaici ne. Ajiye kaza a tsakiya, ki bar ƙofa a buɗe.

Mataki na 6: Bar ta ta zazzage

Daga kasuwa za ta zo, kwali a hammata, ba sallama.

"Bintu! Ƙarnin bai ishe ki ba, yanzu maita kika ƙara mini?"

"Wushe, sannu da zuwa, Ya Kaltum. Ni na ce? Likita ce."

"Na biya wurin Rose ɗin! Kalsiyam ta ce, kurmar ƙarya!"

"Yo ni boko na yi? Ke da shi duk da 'kal' kuka fara."

Sai idonta ya faɗa kan kaza. Muryarta za ta sauka.

"Innalillahi. 'Yar Baga ce wannan? Me kike ba ta?"

"Gero."

"Gero tsura? Muguwar tsohuwa."

Za ta kifa kwalin ta bubbuga. Kaza za ta ja ciki ta hau tsattsaga kamar ba ita ba. Kada ki yi murmushi. Fito da kofin nan na biyu, ki tura shi gefen tabarma ba tare da kin kalle ta ba. Za ta zauna, don tana da labarin wata biyu a ciki, kuma duk garin nan ba wadda ta iya cewa "Ke don Allah?" a daidai wurin sai ke.

Mataki na 7: Rufe bakinki

Wannan ban gwada shi ba tukuna, amma an ce yana aiki.

Gargaɗi

Ni ba likita ba ce, aji uku na yi. Duk wadda ta bi matakan nan ta rasa wani abu, kada ta zo mini da kuka. Alkawari biyu na yi, duka sun cika: kaza ta samu maganinta, haƙuri kuma ban bayar ba. Ban taɓa cewa a gidanki za ta miƙe ba.

Ni dai muna kofi na uku, ana tsakiyar labarin mijin Munira, iska ta kaɗa lafayar Kaltum. Abin da na ce kawai shi ne, "Kin ga baiwar Allah, tun kina zaure ta shinshino ki."

Ta ajiye kofin a hankali. Ta sunkuya ta ɗauki 'Yar Baga ta cusa a cikin lafaya.

"Tunda rashina ne ciwonta, sai ta zauna inda nake. Mai son ƙwai ta zo ta yi sallama, ta faɗi kalma biyun nan."

"Kaltum, kwalinki fa?"

"Gobe da la'asar zan zo in ɗauka. Kuma kada ki sa mini sukari da yawa."

Ta fita ta maka ƙyauren langa-langa, har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.