Ɗan Takarar da Ba Ya Gumi

Garinmu Puerto Salcedo bai taɓa haifar mutum kamar Don Evaristo Pupo ba, kuma shi da kansa ya sanar da mu hakan. Ni magatakarda ne a ofishin gari, ba na faɗin abin da ban tabbatar ba: kowa a bakin kogin nan yana gumi, har fada, limamin cocinmu. Don Evaristo kaɗai ya fi ƙarfin wannan ƙasƙanci.

Da ya fito takarar kansila, sai ya yo odar wata na'ura daga ƙasar waje. Ƙarfe ne kamar rabin zobe, ana maƙala shi a wuya, batir a aljihu. Yana tsotse zafin fata ya fesar ta ƙeya. Magoya bayansa da ke biye da shi suka gasu, shi kuwa a bushe. Muka raɗa masa Dakta Firji.

"Gumi na 'yan dako ne," in ji shi. "Shugaba ba ya ɗiga."

To a nan ba a cin zaɓe sai an shiga kasuwa an rungumi kowa, kunci a kan kunci. Ya rungumi Doña Zoila mai kifi, ta ja da baya tana goge fuska.

"Wayyo Nuris, ƙawata, zo ki taɓa ki ji! Sanyi ƙalau, kamar kifin jiya."

"Ke dai bari! Ji yadda wuyansa ke ƙugi."

"To ai shi ke nan. Bawan Allah ya mutu, inji ke tafiyar da shi."

Kafin kasuwa ta tashi, gari ya ɗauka. Matarsa ta roƙe shi ya cire abin ya yi gumi a gaban jama'a, ko sau ɗaya. Ya ƙi. Maimakon haka ya kira taro a dandali da tsakar rana, ya hau mumbari cikin baƙar kwat.

"Jama'ata! Mutum irina ba ya mutuwa a ɓoye. Da na mutu, ni za a fara sanar wa, kuma a rubuce!"

Yana tsakiyar tarihin kakanninsa batir ya ƙare. Gumin da ya daɗe yana jiran izini ya ɓalle ta goshi, ta hanci, ta bakin wando. Don Evaristo ya ware hannu cikin murna: ga hujjar yana raye.

"Ya fara narkewa!" Doña Zoila ta ƙwalla ƙara. "Ku kawo ƙanƙara kafin ya yi wari!"

Masu kifi mutanen kirki ne. Suka kwantar da shi a kan teburin jawabi, suka lulluɓe shi da ƙanƙara har haɓa, yana ihu suna ba shi haƙuri.

Ya faɗi zaɓen, amma ba a ce bai samu ƙuri'a ba. Ina cikin waɗanda suka duba sunayen masu jefa ƙuri'a. Cikin rayayyu ko ɗaya bai zaɓe shi ba. Amma mamatan garinmu, waɗanda ba sa fashin zaɓe tun ina yaro, wannan karon gaba ɗaya suka fito wa ɗan'uwansu.