Rasuwar Ƙanƙara, Ƙwallon da Ta Ƙona Hannun Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai tsami da gira mai ɗinki biyu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu bi ta gaban shagonmu na gyaran kujeru rasuwar abokiyar zamana, ƙwallon wasana, wadda aka fi sani da Ƙanƙara. Ta rasu ranar Laraba da la'asar a kan bencin aiki, bayan wata goma sha ɗaya a hannuna. Ba ajalin kwance ta samu ba. Kashe ta aka yi, kuma zan faɗi wanda ya kashe ta kafin in rufe wannan takarda.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, ƙwallo ce ta roba mai tauri, garau kamar ruwan sha, girmanta daidai cikar tafin hannu. Ba ta bugawa ba ce, ba kuma ta jefawa sama ba. Aikinta ta mirgina a jikin mai ita, daga tafi zuwa bayan hannu, daga nan ta bi damtse ta ratsa ƙirji ta sauka a ɗaya hannun, har mai kallo ya rantse a iska take tsaye. Wannan a hannun gwani ke nan. A hannuna yawanci ƙasa take nufa, kuma ba ta tafiya ita kaɗai sai ta tafi da wani abu.

Laifin zaɓenta nawa ne. Mai Hula, tsohon da ke koya mana wasan a filin shaƙatawa ranar Lahadi, ya ce in fara da mai laushi, wadda in ta faɗi za ta tashi ta dawo ba ta ji wa kowa ciwo ba. Ya ce mai tauri sai hannu ya nuna. Na ce to, na fita na sayo mai taurin, domin mai laushin kama take da abin wasan jarirai, ni kuma ina da gemu. Da ya gan ta ya girgiza kai, ya ba ni dokoki uku: in yi koyo a kan katifa ko ciyawa, in cire zobe, sannan kullum ta kwana ta wuni a cikin safa, kada rana ta gan ta a buɗe. Ya fara bayanin dalilin na ukun, amma lokacin ina kallon fuskata a juye a cikinta, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Marigayiya ta kasance mai tsayawa a kan ra'ayinta. A makonta na farko ta cire mini farcen babban yatsan ƙafa da sauti ɗaya, tim, ta bar ni ina tsalle da ƙafa guda a tsakar shago. A wata na biyu, ina koyon ratsa ƙirji, ta bi ta sama ta fasa mini leɓe, na kwana uku ina shan shayi ta gefe. Ta tsaga tayil biyu a ɗakina. Ta fasa fulas ɗin matar Yaya, sabo dal, ta kuma wuce abinta ƙarƙashin kabad tana gurrr, gurrr, ba ko alamar nadama. Duk wanda ya zauna da ita ya san wannan muryar, ya kuma san a ɗage ƙafa in an ji ta.

Sai ranar da ta sami Yaya a ƙauri.

Yaya shi ne wana, shi ne mai shagon, shi ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifinmu. Shekara goma sha huɗu ina yanka soso ina buga ƙusa a ƙarƙashinsa, kuma ɗakin da nake kwana a bayan shagon nasa ne. Mutum ne da in ransa ya ɓaci har almakashi kan bar hannunsa ya nufi bango. Ranar ya zauna a ƙasa yana riƙe da ƙafa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya nuna ta da guduma.

"Auta," ya ce, "ranar da abin nan ya sake taɓa wani a shagon nan, ɗayanku zai bar shi. Ka fara tunanin wanne tun yanzu."

Daga ranar na koma koyo a ɗaki, a kan katifa, ƙofa a rufe. A nan ne marigayiya ta nuna mini halinta na kirki, wanda ba wanda ya gani sai ni. Wata safiya a cikin wata na tara, ta tashi daga tafina, ta haura kan yatsu, ta sauka a bayan hannu, ta dawo, sau bakwai a jere ba ta faɗi ba, ba ta yi ko motsin ƙara ba. Ni da kullum ake kira in riƙe wancan gefen yadin, ranar na yi abin da ba wanda ya iya a layinmu kaf. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na so ta ƙwarai, har yanzu ma ina son ta.

Rashin lafiyarta ta ƙarshe daga fata ta fara. Faɗuwa da karce sun yi mata yawa, ta dushe, ta koma kamar tsohon kofin roba. Na ɗauki kwana uku ina jinyarta da samfefa, takardar goge katako, mafi laushi da ruwa, sannan man goge baki da tsumma mai taushi, har yatsuna suka yi kanta. Ranar Laraba da hantsi ta warke sarai, ta fi ranar da na sayo ta haske. Na ɗauraye ta, sai na ga bai dace in saka ta a safa da danshi ba. Na yi mata abin da muke yi wa kofunan shayi in mun wanke: na ɗora ta a kan murfin kwalba a bakin tagar shago ta sha rana ta bushe. Na tafi kai wa wani kujerarsa.

A ƙarƙashin tagar nan muke tara soso, kuma gwangwanin gam yana gefe. Ashe ƙwallo mai haske irin wannan tattara rana take yi wuri guda, ɗigo ɗaya mai zafin da zai huda katako. Dalilin safa ke nan. Duk watannin da take a dushe ba ta iya ba, ni na gyara mata ido da hannuna.

Yaya na kan keken ɗinki, ya ba taga baya, sai wari ya ji. Kafin ya juya wuta ta kama soso uku tana lasar gwangwanin gam. Bai tsaya neman ruwa ba. Ya cusa hannun dama ya jawo su waje, sosan na narkewa yana manne masa a fata yana ci. Da na dawo na tarar da maƙwabta da bokitai, ƙofar shago baƙi ƙirin, an tafi da Yaya asibiti. Ita kuwa tana nan a bakin taga inda na bar ta, ta bushe tas, ko toka ba ta taɓa ta ba.

Na jira ihu. Da ya dawo, hannun a naɗe har gwiwa, bai yi ihu ba, bai jefi bango da komai ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya zauna a kujerar da ba mu gama ba, ya tura mini guduma a kan benci da hannun hagu.

"Da hannuna lafiya da ban sa ka ba," ya ce. "In kuma ba za ka iya ba, ɗauke ta ku tafi, ba zan riƙe ka ba."

Ni na kashe ta. A rubuta haka, kada a ɗora wa kowa.

Ba ta mutu da sauƙi ba. Bugun farko ta ce ƙau, ta yi tsalle daga benci, ta fasa ƙwan lantarki ta dawo ta sami kafaɗata. Na kamo ta a ƙarƙashin keke, na ɗaure ta a ƙarfen da muke matse katako da shi, na murɗa har ya yi ƙara. Na sa mata zarto. Ta yi ta ƙiii, ƙiii, farin gari na zuba, wari na tashi, haƙoran zarton biyu suka karye ita ko rabi ba a kai ba. Na kafa babbar ƙusa a cikin tsagar, na ɗaga guduma da hannu biyu. A bugu na goma sha ɗaya ta ce ƙas, ta rabe uku, wani ɓallin ya tashi ya yanke mini gira. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. An ce na ci gaba da dukan ɓaraguzan jini na shiga mini ido har sai da matar Yaya ta riƙe ƙotar gudumar ta ce, "Ya isa haka, Auta, ta mutu."

Marigayiya ta bar safa ɗaya mai ruwan toka, wadda abokiyarta ta ɓata tuni. Ta bar Mai Hula, da aka gaya masa ya cire hular ya mayar. Ta bar farce ɗaya da ya fito a karkace, da tayil biyu, da hannun damana wanda har yanzu kan buɗe da kansa ya lanƙwashe idan na zauna shiru. Ta kuma bar Yaya da yatsu uku da likita ya ce sai an kwance za a san ko za su sake riƙe allura.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an tashi daga aiki, a bayan shago kusa da famfo, a wurin da rana ba ta kaiwa. An samu kashi biyu na gawar a kan benci. Na ukun Yaya ne ya tsinto shi jiya a ƙarƙashin kabad, ya ajiye mini a gaba da hannun hagu, ya ce a haɗa da shi. Ba a buƙatar furanni, kuma don Allah kada kowa ya zo da lemo ko wani abu mai mirginawa.

Za a karɓi gaisuwa a cikin shago daga buɗewa har rufewa, domin har hannun Yaya ya warke ni ne mai yanka, ni ne mai ɗinki, ni ne mai buga ƙusa. Wanda ya zo ya tarar ina aiki, ya yi gaisuwarsa a tsaye. Roƙona ɗaya, kada kowa ya tambaye ni ko zan sayi wata. Yaya na zaune a gefe yana ji, ni kuma ban taɓa yi masa ƙarya ba.