Yadda Iro Na-Sani Ya Kwantar da Jatau Mai Tsire

Duk Unguwar Tudu babu wanda bai san Iro Na-Sani ba. Gyaran fanka da rediyo ne sana'arsa, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ba a taɓa kawo zance a gabansa ya ce yau ya fara ji ba. Ka ce an haifi ɗan maraƙi mai kai biyu a wani ƙauye, sai ya ce ai ya san uwar. Ka ce jirgin ruwa ya nutse a teku, sai ya ce tun bara ya gargaɗi direban. Ranar da aka cire masa haƙori ma, da baki cike da auduga yake koya wa likitan yadda ake riƙe filaya.

Ga shi kuma da kwaɗayi. In ƙamshin nama ya bugi hancinsa, ko sallama yake yi sai ya bar ta a rabi.

To, Iro yana da aboki, Lawwali tela. Shekara ashirin Lawwali na zuƙar taba sigari. Ya rantse ya bari ya fi sau talatin, kullum kafin azahar ya koma. Da ya ƙona shaddar wani ango da wutar sigari ana gobe ɗaurin aure, sai ya ce a'a, abin ya isa. Aka ba shi labarin wata likita, Dakta Saratu, a wani asibiti cikin gari, wadda ke taimaka wa masu fargaba da masu ɗabi'ar da suka kasa rabuwa da ita. Ba allura, ba ƙwaya, magana ce kawai. Aikin yana da wani dogon suna na Turawa, amma mutane sun yanke masa, suna ce da shi maganin lumshe ido.

Lawwali ya ce, "Iro, raka ni mana."

Iro ya ce, "Ai na san matar. Mu je."

Bai santa ba.

Suka shiga. Da yake Lawwali ya roƙa, Dakta ta bar Iro ya zauna a kusurwa. Ta fara yi wa Lawwali bayani a natse. Ta ce, "Malam Lawwali, wannan ba tsafi ba ne, ba kuma barci ba ne. Jikinka zai saki, hankalinka ya taru wuri ɗaya, a lokacin ne zuciya ta fi karɓar shawara. Amma duk abin da na faɗa za ka ji shi, za ka kuma tuna. Ba ni da ikon sa ka yin abin da ba ka so. Kai ne mai aikin, ni jagora ce kawai."

Duk wannan bayani Iro bai ji ko kalma ɗaya ba. Fankar silin ɗin ofishin ce ke ƙiii-ƙiii, shi kuwa ya ɗaga kai yana lissafin inda ciwonta yake. Sai da ya sauko da ido ya ga Lawwali ya lumshe nasa, ya yi luƙus a kujera kamar tsumman goge keken ɗinki. Dakta na ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Tana ce masa ya ja numfashi, ya tuna wurin da ransa ya fi sakewa. Daga nan ta shiga ce masa ƙirjinsa na son iska mai tsabta, duk sa'ad da hannunsa ya nufi aljihu zai tsaya, ya ja numfashi uku, sha'awar ta wuce.

Iro ya ce a ransa, "Kai! Shi ke nan? Ka kashe mutum da ƙirge, ka zuba masa abin da kake so a ka, ka tashe shi? Ai wannan ko rediyo ta fi shi wuyar gyara."

Zuwa biyar Lawwali ya yi, yana kuma yin aikin numfashin a gida safe da yamma. A hankali taba ta fita daga ransa. Unguwa ta ɗauka. Iro kuwa ya samu abin yi. A majalisar bakin masallaci ya miƙe ƙafa ya ce, "Ku bar ganin matar nan da farar riga. Rabin aikin ni na yi. Ina daga kusurwa ina yi mata ishara da ido."

Lawwali ya ce, "Iro, ji tsoron Allah. Fanka kake kallo."

"Ta fankar nake aiko da saƙon!"

Ana cikin haka sai ga maganar Jatau mai tsire. Jatau ƙato ne na gaske, in ya tsaya a ƙofar rumfarsa sai rana ta nemi wata hanya. Bijimi in ya gan shi da kansa yake kwanciya. Amma Allah ya jarabce shi da tsoron jirgin sama. Ga shi ya samu kujerar Makka, saura mako uku a fara tashi. Tun da aka kira sunansa ya daina cin abinci sosai. In jirgi ya wuce ta saman unguwa sai ka neme shi ka rasa, sai dai ka hango ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur. Har ya fara cewa ko ya haƙura da tafiyar, alhali shekara goma sha ɗaya yana burinta.

Da Iro ya ji, sai yawunsa ya tsinke. Ba tausayin Jatau ne ya kama shi ba, tiren tsiren ne ya faɗo masa a rai.

Ranar Talata da hantsi ya same shi a zaure yana yanka albasa.

"Maniyyaci, an ce jirgi na hana ka sakat."

Jatau ya ajiye wuƙa. "Wallahi Malam Iro, ko a hoto na gan shi sai in nemi wurin ɓuya."

"Ƙaramin abu. Zama ɗaya zan yi maka. Kafin Juma'a kai za ka riƙa roƙon a bar ka ka zauna a kan fiffike."

Mai neman mafita ba ya musu. Jatau ya kishingiɗa a tabarma. Iro ya zaro farfelar tsohuwar fanka daga jaka, don a ganinsa aikin Dakta ya rasa armashi, ya riƙa juya ta da yatsa a gaban hancin Jatau.

"Kalli nan. Lumshe ido. Ja numfashi. Goma. Tara. Bakwai."

"Ka tsallake takwas."

"Takwas ta masu ƙaramin jiki ce. Yi shiru. Shida. Kana wani fili mai ciyawa shar. Iska na kaɗawa. Ga saniya can tana kiwo. Ka gan ta?"

Jatau ya ce a hankali, "Na gan ta. Tana da kitse."

"Ƙyale kitsen! Biyar. Huɗu."

Abin mamaki, Jatau da ya kwana biyu bai huta ba, sai jikinsa ya saki da gaske. Kafaɗunsa suka sauka. Numfashinsa ya daidaita. Kafin a kai ɗaya ya yi shame-shame, tsit kake ji.

Iro ya kaɗa hannu a gaban fuskarsa. Shiru. Ya ɗaga masa yatsa ya saki, yatsan ya faɗi ragwaf. Sai ya yi wani ɗan tsalle, ya dawo ya durƙusa daidai kunnensa.

"Jirgi ba komai ba ne, mota ce mai fiffike. An gama da wannan. Yanzu ga babbar magana. Daga yau, duk ranar da ka ga Iro, za ka miƙa masa tsinke uku. Ba tambaya, ba musu. Tsinke uku, ka ce, ranka ya daɗe Likita."

Da a nan ya tsaya da da sauƙi. Amma Iro bai taɓa samun mai sauraron da ba ya katse shi ba, sai daɗi ya kwashe shi.

"Dube shi don Allah. Ƙaton banza, kai kamar turmi. Bijimi na tsoronka, kai kana tsoron tsuntsun ƙarfe. Kai ko ka san shekara biyu ina zare maka tsoka a tire in ka juya ɗauko yaji? Ƙodar nan da ta ɓace ranar Sallah, ka kori kyanwar maƙwabta da itace har bakin titi? Ni ne kyanwar. Kuma yajinka gishiri ya yi masa yawa, ka gyara."

Ya ja hancin Jatau sau biyu, don dai ya more. Sannan ya ƙirga daga ɗaya zuwa biyar ya tafa hannu.

Jatau ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon Iro, kallo mai tsawo.

Iro ya ce, "Me ka tuna?"

Jatau ya ce, "Saniya."

"Madalla! Aiki ya yi."

Iro bai je karɓar tsirensa a ranar ba. Shi da yake son 'yan kallo? Ya daure har Juma'a, yana bi shago-shago yana shela. "Ku zo bayan la'asar ku ga ilimi. Ba zan ce uffan ba, Jatau da hannunsa zai miƙo mini tsire yana kirana Likita." Ko abincin rana bai ci ba ranar, wai kada ya cika wurin da nama zai zauna.

Bayan la'asar rumfar Jatau ta cika maƙil. Lawwali na nan, 'yan majalisa na nan, har da masu wucewa da suka ga taro suka tsaya. Tsire ya kewaye wuta yana ɗigar da mai, cuuu. Iro ya iso cikin babbar riga, yana tafiya ɗaiɗai. Ya tsaya gaban tebur, ya harɗe hannu, ya ɗaga gira.

Jatau na ganinsa ya ƙame. Idonsa ya kafe. Ya juya a hankali kamar wanda ake ja da igiya. Iro ya waiga yana kashe wa mutane ido.

Jatau ya sunkuya, ya laluba kwandon shara, ya tsinto tsinke uku da aka riga aka cinye namansu, an suɗe su tas. Ya riƙo su da hannu biyu, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe Likita. Tsinke uku."

Wurin ya fashe da dariya.

Iro ya daure ya ce, "A'a, ƙaramar matsala ce, waya ce ta saɓa. Jatau, kalle ni. Goma. Tara."

"Kar ka manta da takwas," in ji Jatau. Ya miƙe tsaye sosai, inuwarsa ta rufe Iro. "Jama'a, ranar Laraba Lawwali ya kai ni wurin Dakta Saratu. Zuwa biyu na yi, jiya jirgi ya wuce ina tsaye da ƙafafuna, gabana ya faɗi amma ban shiga ƙarƙashin tebur ba. Na tambaye ta, Dakta, wanda aka kwantar yana jin abin da ake faɗa? Ta ce ƙwarai kuwa. Na ce alhamdu lillahi, ashe ba mafarki na yi ba."

Ya ɗauko wuƙarsa, ya fara wasa ta a jikin ƙarfe, ƙyas, ƙyas, ba don komai ba, don dai hannunsa ya saba.

"Malam Iro, wane ne mai kai kamar turmi?"

Iro ya ja da baya taku ɗaya.

"Wane ne ƙaton banza? Sannan ina son ka maimaita wa jama'a zancen ƙodar Sallah. Kyanwar nan har yau in ta gan ni katanga take haurawa. Ka ja mini hanci kuma, sau biyu. Na ƙirga."

Iro ya dubi hagu, mutane. Ya dubi dama, mutane. Baya kuwa Lawwali ne ya tare hanya yana riƙe da ciki don dariya. Sai dabara ta faɗo masa. Ya dafe goshi, ya yi tangaɗi.

"Wayyo! Aikin ya juyo kaina! Ƙirgen da na fara ne ya kama ni. Duk abin da na faɗa ranar nan ma ba a hayyacina nake ba. Bakwai... shida..."

Ya zube ƙasa tim, babbar riga ta baje, ya rufe ido gam.

Aka kewaye shi. Wani ya ce a kawo ruwa. Wani ya ce a shaƙa masa yaji. Wani tsoho ya taɓa shi da sanda ya ce, "Kai, wannan ya yi nisa." Iro na ji, ya ƙara sakin jiki, har da ɗan minshari don a tabbatar. A ransa yana cewa in ya daure rabin sa'a kowa zai gaji ya watse.

Jatau ya ce, "Ku bar shi, kada a tashi Likita yana hutawa. Ni dai yau farin ciki nake, tafiyata ta tabbata. Duk wanda ke tsaye a nan, tsiren yau sadaka ne. A matso!"

Aka yi caa a kan tebur. Jatau na zarewa yana yankawa, yana barbaɗa yaji, yana watsa albasa. Ƙamshi ya sauko ƙasa ya sami Iro inda yake kwance, ya shige masa hanci. Cikinsa da bai ga komai ba tun safe ya yi ƙugi, ƙululu, har na kusa suka ji. Yana jin ana tauna a samansa. Yana jin Lawwali na cewa, "Kai, wannan hantar ta yi!" Wani ɗigon mai ya faɗo masa a kumatu, ɗumi-ɗumi. Ya daure. Ya cije. Gumi ya keto masa.

Can sai ya ji Jatau ya ce, "To jama'a, saura tsinke ɗaya tak, mai kitsen nan. Wa bai samu ba?"

Daga ƙasa, ido a rufe gam, hannu ya ɗago a hankali, wata siririyar murya ta ce:

"Mai barci bai samu ba."