Tumakin Da Ba Sa Kiwo Sai Da Kaka

"Lafiya lau, amarya, in ban da gajiyar da 'ya'yanki suka tara mini," in ji Dogo. Yana tsaye a bakin ƙofa yana haki, ƙarangiya ta cika masa ƙafar wando.

Kakarsa na zaune a tabarma tana tsintar wake. Tumakinta kuwa, da ya kora tun sassafe zuwa 'yar gonarsa ta bayan gari, ga su kwance kewaye da ita suna tuƙa. Sun riga shi dawowa.

A gonar nan Dogo ya dasa mangwaro da lemo da damina, ya kewaye kowane dashe da ƙaya. Ciyawa ta tashi ta rufe su ruf. Yanzu ta soma bushewa, maƙwabta kuma sun fara sa wa gonakinsu wuta. In wutar ta tarar da ciyawar nan a tsaye, dashen ya tafi ke nan. Shi ya sa ya ari tumakin su cinye ta.

"Kai, mijin banza! Tsakaninka da su wa ya kori wani?" in ji Kaka.

"Ni na kora su zuwa, su suka jawo ni dawowa. Ina sakin su, waccan tsohuwar mai baƙin kunne ta ɗaga kai, ta duba gabas, ta duba yamma, ba ta gan ki ba. Sai ta ɓarke da kuka ta kama hanya, sauran suka rufa mata baya."

"Fuskarka suka gani. Ni ma da ƙafa huɗu gare ni, da tuni na gudu."

"Ki je ina? Wa zai kwashe ki? Ni kaɗai na runtse ido na aure ki, baki ba haƙori ko ɗaya."

"Ɓoye su na yi don kada in cije ka. Me ya hana ka ɗaure ta?"

"Na ɗaure! Ta tumɓuke turken ta taho da shi. Ga shi can a ƙofar ɗakinki."

Kaka ta waiga, ga turke kuwa da igiyarsa. Ta yi dariya har wake ya zube.

"To ɗauki lauje mana, ƙaton rago."

"Na gwada jiya. Inda na yanke ko tabarmarki ba zai ɗauka ba, baya ya riƙe."

"Wayyo ni! Na auri yaro don in huta, ashe ya riga ni tsufa."

Rana ta iso tabarmar, Kaka ta yunƙura ta ja ta zuwa inuwar bango. Tumakin nan duk suka miƙe suka bi ta. Tana zama suka kwanta. Dogo ya saki baki yana kallo, sai ya daka tsalle.

"Tsohuwa! Sake tashi in gani!"

"Yau kuma ta kai ga hauka?"

"Na gane! Wallahi na gane! Turken banza na kafa. Ke ce turkensu!"

"Ni za ka kafa a gona, ɗan nema?"

"Kujera zan kafa, ki hau. In sun cinye wajen, in ɗauke ki in matsa gaba."

"Macizai fa?"

"Wane maciji zai ɓata dafinsa a wannan busasshiyar ƙafa?"

"Busasshiyar ce ta yi ta jijjiga ka kana tsala ihu. Ba za ta kai ni gona ba kuwa."

"Ga baro a waje. Yau amarya mota za ta shiga."

Kaka ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya kai saman katanga. Hayaƙi ne ke tashi can wajen gonaki.

"Wancan na wa ne?"

"Gona ɗaya ce tsakaninmu da shi," in ji Dogo, murya ta yi ƙasa.

Ta ajiye faifan wake. "Ɗauko mini mayafina da kujera. In ka kayar da ni, aure ya mutu."

Haka suka ratsa unguwa, Kaka a cikin baro rungume da kujerarta, Dogo na turawa yana ihun a ba da hanya, tumaki na biye a guje. A tsakiyar ciyawa ya dire ta. Mai baƙin kunne ta matso ta shinshini zanenta, ta sunkuyar da kai ta soma figa. Sauran ma suka duƙufa. Kafin rana ta take, ƙayar dashen farko ta bayyana, ga ganyen mangwaro kore shar a ciki.

"Kin gani! Kin gani!" Dogo sai rawa yake. "Gobe ma da sassafe, jibi ma!"

"Ka ci ni, ja'iri," in ji Kaka tana share hawayen dariya. "Ka ga 'yar farar can da aka yaye? Taka ce, na ba ka. Ka riƙa ba ta dusa da hannunka har ta saba da kai. Baɗi kai za ka zauna a kujerar nan."

"Allah ya bar mini amaryata!"

"Bar surutu, zo ka matsar da ni. Sun cinye nan."