Zomon da Tela Ya Ɗinka

"Lafiya dai, bawana? Me kake ɓoyewa bayan keken ɗinki?"

Da haka Makaniki ya faɗo shagon Tela, ɗan kawunsa, abokin wasansa tun suna yawo ba wando. Kunya ta rufe Tela. Matarsa na da cikin fari, kwaɗayin zomo ya hana ta cin komai, jiya har da kuka. Shi kuwa gogan ya daki ƙirji, ya saɓa bindiga da safe, ya dawo da abin da yake ta faman haɗawa da zare da allura: kunnuwa biyu, ƙafa ɗaya, da 'yar fata.

Makaniki ya tuntsure da dariya har ya zube kan buhun ƙyallaye. "Riga kake yi masa ko likkafani?"

"Rufe min baki, mai wanka da baƙin mai. Harsashi mafi gudu na saya, zomon ko ƙarar bai ji ba."

"Ina zai ji, ya tarwatse?"

Ya karɓi harsashi ɗaya, ya nuna masa ramin da ke bakinsa. Ya ce irin wannan, ga baki a rarake, ga gudu, yana taɓa nama daga kusa sai ya buɗe kamar laima, ɗan zomo nawa yake? Mai son tukunya ta cika, dunƙulalle yake saye, mai matsakaicin gudu, ya huda ya wuce.

Tela ya ce ai harsashin Makaniki don rashin gudu sai zomo ya je gida ya yi sallama da iyalinsa kafin ya iso. Makaniki ya ce ko ba komai nasa zomon da jikinsa yake zuwa kasuwa.

Sai waya ta yi ƙara. Matar Tela ce, murya duk murna, wai ta yanka albasa, ruwa ya tafasa. Tela ya amsa da "to", idonsa ya kawo ruwa.

Dariyar Makaniki ta tsaya. Ya fita wurin babur ɗinsa, ya dawo da ƙaton zomo mai 'yar huda ɗaya a wuya, ya dire kan teburin yanka.

"Ka ce mata mijinta na gaskiya ne ya aiko."

Tela ya rungume zomon yana dariya. "Na bi. Yau ni ne bawan."

Makaniki kuwa ya tsince kunnuwan nan da zarensu, ya rataya a madubin babur, don duk wanda ya tambaya ya sha labari.